Ina Hankalin Mai Rainon Yaro Mai Lalura Yake Tafiya?

Akwai maganar da ke yawan fitowa daga bakin iyaye mata masu rainon yaro mai lalura, galibi sai hira ta yi nisa, an gama tambayar jikin yaro, sannan wani ya tuna ya ce, "To ke fa, ya ƙarfin jiki?" Sai ka ji ta ce, "Jiki da sauƙi, kaina ne dai ba daidai ba. Sai in shiga ɗaki in tsaya, in rasa abin da ya kai ni." Wata za ta ce ta zuba gishiri sau biyu a miya. Wata ta tayar da sallah, tana zaman tahiya ta rasa uku ta yi ko huɗu, har sujadar rafkanuwa ta zame mata ta kullum. Wata kuwa, wadda abin ya fi ci wa rai, ta tsaya da kwalbar maganin farfaɗiya a hannu tana tambayar kanta: na ba shi na safe, ko na jiya nake tunawa?

A cikin gida sunan wannan abu sakaci. Maigida ya ce ba ta ji idan ana magana. Uwar miji ta ce hankalinta ba ya jikinta. A asibiti a yi mata faɗa don ta tsallake ranar ganin likita. Ita ma tun tana musu har ta fara zargin kanta: ko tsufa ne ya zo da wuri, ko ciwon ƙwaƙwalwa ne, ko wani ne ya sa mata hannu.

Ina ganin wannan hukunci zalunci ne, ko da ba da gangan ake yanke shi ba. Matar da ake cewa ba ta da natsuwa ita ce za ta ji canjin numfashin ɗanta daga bayan ɗaki, tana tsakiyar wanki, ta watsar da abin hannunta ta ruga kafin kowa ya ankara. Wanda hankalinsa ya gushe ba zai iya haka ba. Nata yana nan daram, an dai ɗaure shi a turke guda shekara da shekaru, abin da ya rage mata na sauran hidimar rayuwa kuma ɗan kaɗan ne.

A ƙididdigar da UNICEF ta fitar a 2021, yara kusan miliyan 240 ne ke rayuwa da wata nakasa a duniya, wato kimanin ɗaya cikin goma. A ƙasar Hausa mun san hanyoyin da da yawansu suka bi suka gamu da lalurar: doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, shawarar jarirai da aka yi wa kallon wasa har ta taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai kai yaro ga jijjiga, sikila da kan jawo shanyewar ɓarin jiki tun yaro bai kai shekara 10 ba. A ƙauyukan Zamfara akwai waɗanda suka tsira daga gubar dalmar 2010, wadda ta kashe yara sama da 400, amma ta bar musu tabo a ƙwaƙwalwa. Akwai masu galahanga, musamman nau'in da likitoci ke kira otizim, akwai kurame da makafi.

Nauyin ba ɗaya ba ne. Yaro kurma mai zuwa makaranta, yana wasa da sa'o'insa, daban yake da wanda sai an juya shi cikin dare, an ba shi abinci a baki, ana goya shi yana shekara 9. Abin da bincike ya sha maimaitawa shi ne, sunan lalurar kaɗai ba ya faɗa maka yawan damuwar iyaye. Halin yau da kullum ne ya fi faɗa: yaron yana barci kuwa, yana buga kansa da bango, yana ficewa titi da zarar an bar ƙofa a buɗe, farfaɗiyarsa tana zuwa ba sallama. Wato duk wani abu da ke hana mai raino sakin jiki.

Faifan da ba ya ɗaukar kaya da yawa

Bahaushe ya ce hankali ke gani, ido gululu ne. Masana ƙwaƙwalwa ba za su musa ba, sai dai su ƙara da cewa abin da muke kira maida hankali aiki ne fiye da ɗaya. A 1990 wasu masana biyu a Amurka, Michael Posner da Steven Petersen, suka kasa shi gida uku, kuma har yau ana amfani da rabon nasu. Na farko zama a faɗake, a shirye da abin da ka iya faruwa. Na biyu karkata, ka ji motsi ta hagu ka waiga. Na uku jagoranci: ka riƙe abin da kake yi, ka ture abin da ke neman ɗauke maka hankali, idan an katse ka ka dawo daidai inda ka tsaya.

A wajen mai raino, na farko da na biyu ba sa sauka daga aiki. Na ukun ne ke shan wuya, kuma shi ake buƙata wajen lissafin kuɗin cefane, sauraron bayanin likita, tuna cewa ran Laraba ake zuwa gashin ƙashi a asibiti. Yana tafiya ne da wani ɗan wurin ajiya na wucin gadi a ƙwaƙwalwa, inda mutum ke riƙe abu na 'yan daƙiƙoƙi yana juya shi, kamar lambar waya kafin a rubuta. Wurin ƙarami ne ƙwarai, abu uku ko huɗu yake ɗauka lokaci guda. A ɗauke shi kamar faifai. Idan kullum akwai "ina yaron nan yake?" da "ya yi shiru da yawa" zaune a kan faifan, ina za a aza gishirin miya?

Shi ya sa yawancin abin da take kira mantuwa, abin bai ma shiga ba tun farko. Ta ajiye makulli da hannu, alhali hankalinta na kan tarin da ta ji daga ɗaki, ƙwaƙwalwa ba ta rubuta komai ba, to me za ta karanto daga baya? Batun magani ya fi rikitarwa. Aikin da ka yi sau dubu, lokaci ɗaya, da cokali ɗaya, a kan tabarma ɗaya, na yau da na jiya sajewa suke yi. Idan aka yi shi hankali na wani wuri, babu alamar da za ta bambanta su.

Akwai kuma tuna abin da za a yi nan gaba, wanda shi ne ginshiƙin jinya: ƙarfe biyu a ba da magani, jibi a karɓo sakamakon gwaji, a hanya a tsaya a sayi famfas. Brian Lovell da Mark Wetherell na Jami'ar Northumbria da ke Newcastle a Ingila sun daɗe suna nazarin masu rainon yara masu otizim, kuma a wani aikinsu na 2014 sun samu cewa waɗannan iyaye sun fi sauran iyaye yawan kuskuren tuna ayyukan yau da kullum. Abin takaicin shi ne, su ne kuma suka fi kowa yawan abin tunawa, kuma kuskurensu ya fi tsada.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Jikin ɗan Adam na da tsarin ko-ta-kwana. Idan haɗari ya taso, wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala shi ke kaɗa ƙararrawa. Nan take sinadarin adrenalin ya kwarara, zuciya ta ƙara gudu, ido ya buɗe. Bayan 'yan mintoci wasu ƙananan gaɓoɓi da ke zaune a saman ƙoda su saki sinadarin kotisol, wanda ke tura sukari cikin jini don a samu ƙarfin gudu ko kare kai. Tsari ne mai ceton rai, amma ya fi dacewa da haɗarin da ke zuwa ya wuce, kamar maciji a gona ko gobara a maƙwabta.

Amy Arnsten ta Jami'ar Yale ta shafe shekaru tana nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, inda jagorancin hankali yake zaune, shi ne ya fi saurin yin sanyi idan sinadaran damuwa suka yi yawa. Ragamar sai ta koma hannun sassan da ke aiki da sabo da tsoro. A lokacin haɗari wannan alheri ne, domin uwa ba ta tsaya nazari kafin ta fizgo yaro daga bakin murhu. Amma idan ƙararrawar ta zama ta safe da rana da dare, sashen nazarin ba ya samun damar karɓar ragamarsa yadda ya kamata.

An ga wannan ƙuru-ƙuru a ɓeraye. Da aka riƙa takura musu kullum har tsawon kwana 21, rassan ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu na wannan sashe suka janye, kamar bishiyar da aka yi wa sassabe, suka kuma kasa sauya hankali daga wata alama zuwa wata. Conor Liston da Bruce McEwen da B. J. Casey a birnin New York suka so su ga ko haka abin yake a mutane. A binciken da suka wallafa a 2009, sun ɗauki ɗaliban likitanci 20 da suka kwashe wata guda cikin fargabar babbar jarabawa, suka gwada su da wasu 20 da ba sa cikin matsi. Masu jarabawar sun fi jinkiri wajen ɗauke hankali daga abu guda zuwa wani, hoton ƙwaƙwalwarsu ma ya nuna sadarwar sashen bayan goshi ta raunana. Wata guda bayan an gama jarabawa aka sake auna su, bambancin ya ɓace.

Wannan sakamako yana da fuska biyu, kuma kowacce na da nauyi. Ta farko albishir ce: ƙwaƙwalwa tana farfaɗowa idan aka sauke mata kaya. Ta biyu ita ce, jarabawa tana da ranar ƙarewa. Uwar yaron da ba zai taɓa iya ciyar da kansa ba, tata ba ta da wannan rana, kuma ta san haka. Da yawansu ma tunanin da ya fi hana su sakat shi ne, in na mutu wa zai riƙe shi?

Me ke faruwa idan aka yi shekara 15 ko 20 a haka? Mutum zai yi zaton kotisol ɗin zai yi ta hawa. Tawagar Marsha Mailick Seltzer ta Jami'ar Wisconsin ta auna yawun iyaye mata da 'ya'yansu masu otizim suka riga suka zama samari ko manya, sai ta samu akasin haka. A rahoton da suka fitar a 2010, kotisol ɗin waɗannan mata ya yi ƙasa da na sauran iyaye, musamman waɗanda 'ya'yansu suka daɗe da matsalar ɗabi'a. Masu binciken suka kwatanta yanayin da abin da ake gani a jikin sojojin da suka daɗe a fagen daga. A ƙa'ida kotisol kan tashi sama cikin rabin awa bayan farkawa, ya ba mutum kuzarin fara yini, sannan ya yi ta sauka har dare. Idan tsarin ya gaji ya kwanta, mutum kan tashi da safe kamar bai kwanta ba. Tun kafin wannan, a 2004, Elissa Epel da Elizabeth Blackburn a San Francisco sun auna mata 58, 39 daga cikinsu masu jinyar yaro mai doguwar rashin lafiya, suka ga cewa gwargwadon shekarun da uwa ta yi tana jinya, gwargwadon yadda alamar tsufa ke bayyana a ƙwayoyin jininta. Jiki magayi ne, ko baki bai faɗa ba.

Barci, da katsewa, da tunanin kuɗi

In da za a ce in ware abu ɗaya da ya fi cin hankalin mai raino, barci zan ware. Fiye da rabin yara masu otizim suna da matsalar barci. Mai tauyewar gaɓoɓi sai an juya shi, wani sai an share masa majina kada ta shaƙe shi. Mai farfaɗiya kuwa, ko ya yi barci lafiya uwarsa ba ta yi, domin kunnenta na kansa.

A Jami'ar Pennsylvania, Hans Van Dongen da David Dinges sun yi wani gwaji da aka wallafa a 2003. Sun tara lafiyayyun mutane 48, wasu aka ba su awa 8 na kwanciya kowane dare, wasu 6, wasu 4, har mako biyu, wasu kuma aka hana su barci sam har dare uku. Waɗanda aka taƙaita wa barci, kuskurensu a gwajin maida hankali ya yi ta ƙaruwa kullum, har ya kai na wanda ya yi dare ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba sam. Abin da ya fi ba ni tsoro a sakamakon shi ne, da aka tambaye su ko suna jin barci, sai suka ce ɗan kaɗan ne. Sun saba da gajiyar, amma ƙwaƙwalwarsu ba ta saba ba. To idan uwa ta ce maka "ai na saba," gaskiyarta take faɗa game da yadda take ji, sai dai sabon bai hana bashin barcin taruwa. Kuma wannan mako biyu ne kacal, a ɗaki mai shiru, babu mai tashe su da kuka. Barcin da ake yanka shi gunduwa-gunduwa, ko awanninsa sun cika, ba ya wartsakarwa kamar wanda aka yi a jere.

Sai katsewa. Duk sanda aka ɗauke mutum daga aiki, komawarsa na cin lokaci da ƙarfi, kuma wani abu kan zube a hanya. Taura biyu ba ta taunuwa. A nazarin da tawagar Wisconsin ɗin nan ta yi na rayuwar yau da kullum, iyaye mata masu 'ya'ya masu otizim sukan ƙara aƙalla awa biyu a kan sauran iyaye wajen hidimar ɗa kowace rana, kuma akan katse musu aikin ofis a rana ɗaya cikin huɗu. Wannan a Amurka ke nan, inda akwai makarantu na musamman da motar ɗaukar yara. A auna matar da ke tuyar awara a ƙofar gida, mai yana tafasa, masu saye na miƙo kuɗi, yaron da bai san haɗarin wuta ba yana jan ciki zuwa wajenta.

Addini ma ya san da wannan. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan shiga sallah da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita, saboda sanin halin da uwar yaron ke shiga. Bai zarge ta da rashin khushu'i ba, ya rage mata tsawon tsayuwar ne.

Kuɗi kuma nasu ciwon daban ne, kuma a nan iyaye maza suka fi shigowa. A 2013 Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da abokan aikinsu suka wallafa wani bincike kan manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. An yi wa kowane manomi gwajin tunani sau biyu, kafin girbi lokacin da aljihu ya bushe, da bayan girbi da kuɗi ya shigo. Mutum ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, amma sakamakonsa na kafin girbi ya fi rauni. Duk wanda ya san bambancin tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, da lokacin kaka, ya san abin da ake nufi. Lissafin da ba ya fita yana zaune a kan faifan nan ne shi ma. Uban da ke jan adaidaita sahu yana ƙirga kuɗin maganin wata, da kuɗin mota zuwa gashi, da bashin mai kemis, bayan ya kwana rabi da rabi, shi ne zai wuce kwanar da fasinja ya ce a sauke shi, ko ya ba da canji ba daidai ba. Maza ba su cika faɗa ba, shi ya sa ake zaton abin bai taɓa su.

A kan duk wannan sai a ɗora maganar mutane. Har yanzu akwai inda ake kiran irin waɗannan yara 'yan ruwa, a ce wa uwa ta kai shi bakin kogi. Akwai inda dangin miji ke cewa daga wajenta aka kwaso. Akwai wadda ta daina zuwa biki da suna don gudun ido. Magana mai ciwo ba ta tsaya inda aka faɗe ta, uwa za ta yi ta juya ta a zuci tana wanke-wanke, tana kwance, tana sallah. Wannan saƙar zuci ma hankali take ci.

Kada a kai abin inda bai kai ba

Ba kowane mai raino ne hankalinsa ke raunana ba. Wasu bincike kan tsofaffin mata masu jinya a Amurka sun ma samu cewa sun fi takwarorinsu kaifin tuna abu, wataƙila don jinyar tana sa su motsi da lissafi kullum. Iyaye da yawa sun zama gwanaye a abin da ya shafi ɗansu, suna riƙe sunayen magunguna da awonsu fiye da wani sabon ma'aikacin jinya. Kuma ƙorafin mantuwa da mutum ke yi da bakinsa sau da yawa ya fi bin yanayin zuciyarsa fiye da abin da gwaji ke nunawa. Ma'ana, wadda ke cikin ƙunci takan ga kuskurenta ya fi yadda yake girma.

Akwai kuma abubuwan da ke sajewa da damuwar raino alhali suna da maganinsu. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a matanmu masu haihuwa kusa da kusa, yana kawo kasala da rashin natsuwa. Haka matsalar maƙoƙo. Lalurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya tana bin jini sosai, don haka wani uban ko uwar tun ƙuruciya suke da nasu kason. Babba a cikinsu shi ne ciwon damuwa mai tsanani. George Singer ya tattara bincike 18 a 2006, ya samu cewa kusan uku cikin goma na iyaye mata masu 'ya'ya masu tauyewar girma suna da alamunsa, a sauran iyaye kuwa kusan biyu cikin goma. Rashin iya tattara hankali na cikin manyan alamun wannan ciwo. Idan uwa ta kai mako biyu ba abin da ke mata daɗi, abinci ya fita ranta, tana kuka ba dalili, ko tana jin gara ta mutu, ko tana tsoron abin da za ta iya yi wa yaron, wannan ya wuce a ce mata ta yi haƙuri. A kai ta ga likita a ranar.

Abin da ke sauke kaya

Dabarar farko mai sauƙi ce: a fitar da tunawa daga ka a mayar da ita waje. Ƙararrawar waya ga kowane lokacin magani. Kwali a manne a bango, a ja layi da zarar an bayar, kafin a rufe kwalbar. Wanda ba ya karatu ya ware ƙwayoyin yini a 'yan robobi uku tun da safe, idan roba ta zama fanko an bayar ke nan. A haɗa magani da abin da ba a mantawa, kamar bayan sallar asuba da bayan magariba, matuƙar tazarar ta dace da abin da likita ya ce. Ranar asibiti a tafi da wani, ɗaya ya riƙe yaro, ɗaya ya saurara. Ma'aikatan lafiya su ma da nasu: uwar da ke fama da yaro yana miƙewa a cinyarta ba za ta kwashi umarni biyar a jere ba. A faɗi ɗaya, a ce ta maimaita, a rubuta sauran.

Zama da waɗanda suka san ciwon yana da tasirin da aka auna. A Jami'ar Vanderbilt, Elisabeth Dykens ta jagoranci wani gwaji da aka wallafa a 2014, inda mata 243 masu 'ya'ya masu lalura suka riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako har mako shida, suna koyon dabarun kwantar da hankali. Masu koyar da su ba likitoci ba ne, iyaye ne irinsu da aka horar. Damuwarsu ta ragu, barcinsu ya gyaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da masu rainon yara masu tauyewar girma, wanda aka tsara yadda waɗanda ba ƙwararru ba za su iya koyar da shi, an kuma gwada shi a ƙasashe irin su Habasha. Matan da ke haɗuwa a layin gashi duk mako sun riga sun zama rabin irin wannan ƙungiya, saura a ba su ɗaki da lokaci.

Amma duk waɗannan rage zafi ne idan mai gadi bai taɓa sauka daga gadi ba. A Ingila, tun 2011 doka ta wajabta wa ƙananan hukumomi su samar wa iyayen yara masu nakasa gajeren hutu, wato wani ya karɓi yaron na 'yan awanni ko kwana. A Najeriya, dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta fi mayar da hankali kan shiga gine-gine, da ilimi, da ware kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Ci gaba ne, amma hutun mai raino a wajenmu har yanzu a hannun dangi yake. Muna alfahari da gidan yawa, sai dai gidan yawa ba ya nufin hannu da yawa a kan yaro mai lalura. Sau tari kowa na tsoron taɓa shi, sai nauyin ya koma kan uwa da babbar 'yarta, wadda ita ma karatunta ke biyan kuɗin.

Kuma hutu iri biyu ne. Idan ƙanwar miji ta ce, "Yaya, je ki kwanta, ina kallonsa," amma duk minti goma tana leƙowa tana tambayar yadda ake ba shi ruwa, uwar ta kwanta ne kawai, kunnenta bai sauka ba. Kafin ƙararrawar cikinta ta yi shiru, sai ta tabbata wanda ya karɓa ya iya. Wato sai an zauna an koya masa tun kafin ranar: yadda ake zaunar da yaron a miƙe lokacin cin abinci don kada ya ƙware, wane kuka ne na yunwa wane ne na ciwo, wane magani ne na ƙarfe nawa. Idan mai farfaɗiya ne, a koya masa ya kwantar da shi ta gefe, ya janye abin da zai ji masa rauni, kada ya tura masa cokali ko yatsa a baki, kada ya ɗura masa komai, ya duba agogo, idan jijjigar ta wuce minti biyar a nufi asibiti. A fara da awa ɗaya uwar tana kusa, sannan yini, sannan dare guda a mako da maigida ko wata 'yar'uwa za su kwana da yaron, ita kuma ta kwana a ɗakin da ba za ta ji motsinsa ba.